Yadda ake fara aikin mataimakin nas a Kano

Mataimakin nas ba shi da lasisi. Da wannan nake fara yi wa duk wanda ya tambaye ni hanyar shiga aikin bayani, domin ta nan ake cin kuɗin mutane. Hukumar NMCN, wadda ita ke ba da lasisin aikin jinya da ungozoma a Najeriya, ba ta yi wa ogzilari, wato mataimakin nas, rajista, ba ta kuma san takardar da wani asibitin kuɗi ya buga ya ba shi bayan wata 6 ko shekara ba. Aikin dai yana nan, ana ɗaukar mutane, kuma babu ɗakin kwanciyar da zai tafi daidai in babu su. A asibitin gwamnati atenda ake cewa ko mataimakin lafiya, a na kuɗi kuwa kowa da sunan da yake kiransa. Amma duk makarantar da ta ce za ta mayar da kai nas cikin 'yan watanni, har da ɗinka maka farin kaya, ka nemi sunanta a jerin makarantun da hukumar ta amince da su kafin ka biya ko sisi. A Kano akwai hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu, kuma ta sha rufe wuraren da ta tarar ba rajista ko ba ƙwararrun ma'aikata. Ranar da aka zo, wanda aka samu da sirinji a hannu babu lasisi shi ma zai yi bayani.

Ni ta asibitin kuɗi na shiga, kuma ita ce ƙofar da ta fi saurin buɗewa. Za ka rubuta takardar neman aiki, ka haɗa da sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, lambar NIN da hotuna. Yawanci sai an nemi wanda zai tsaya maka. Akwai masu shiga asibitocin gwamnati a matsayin 'yan sa-kai ko na wucin gadi, suna jiran ranar da za a buɗe ɗaukar aiki. Nan an fi ganin cututtuka iri-iri, don wanda ya zauna a ɗakin gaggawa na babban asibiti irin na Murtala ko na yara na Hasiya Bayero zai ga abin da ƙaramin asibiti ba zai nuna masa a shekara ba, sai dai jiran na iya tsawo kuma babu wanda ya yi maka alkawari. Kafin ka karɓi aiki a ko'ina, ka tambaya: a kowane duti akwai nas mai lasisi a wurin? In aka ce da dare kai kaɗai za a bari da marasa lafiya, likita kuma sai ta waya, ka san so ake ka yi aikin nas a biya ka kuɗin mai shara, in ta ɓaci kuma a kanka za ta ƙare. Maganar albashi ma a yi ta tun farko, a rubuce. Gwamnatin Kano ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 71,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan asibitoci da yawa a nan suke fakewa.

Kafin ranar farko ka yi gwajin ciwon hanta nau'in B, in ba ka da shi ka fara rigakafi. Allura 3 ce: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Mutane da yawa suna yin biyu su manta da ta ƙarshe. Kayan da za ka tanada ba su da yawa: agogo mai nuna sakan, biro shuɗi da ja, ɗan littafin aljihu, tocila saboda dare in an ɗauke wuta kafin a tayar da inji, da takalmi rufaffe wanda ruwa ba ya ratsawa. Silifas ba na ɗakin marasa lafiya ba ne, allura na faɗowa, jini na zuba. A yanke farce, a cire zobe da awarwaro. Mata su sa hijabi gajere ko su cusa shi cikin riga, domin dogo yana sharar gado da fo duk lokacin da aka sunkuya, ya kwashi abin gadon nan ya kai wancan.

Makonnin farko ba za a bar ka kusa da komai ba sai tsafta, kuma daidai ne. Wanke hannu da sabulu sakan 40 zuwa 60 ne, har tsakanin yatsu da babban yatsa da bayan hannu; in da man shafawa mai sinadari ne, sakan 20 zuwa 30, sai ya bushe da kansa. Ana yi kafin a taɓa mara lafiya, da bayan an taɓa shi ko gadonsa, da bayan cire safar hannu. Safar hannu ɗaya ta mutum ɗaya ce. Wanda ya zagaye gado 10 da safa ɗaya kansa kawai ya kare.

Haɗa ruwan JIK shi ne lissafin farko da za a koya maka. Ka duba jikin robar. In an rubuta kashi 3.5 cikin 100, awo 1 na JIK da awo 6 na ruwa shi ke ba da mai ƙarfin 0.5, wanda ake zubawa kan jini da amai da bahaya, ake kuma jiƙa kayan ƙarfe a ciki minti 10 kafin a wanke. Kada su wuce minti 10, almakashi da hantsaki tsatsa suke yi su dakushe. In ka ɗebi awo 1 na wannan haɗin ka ƙara awo 9 na ruwa, ka samu mai ƙarfin 0.05, na zannuwan gado. Kullum sabo ake haɗawa, a rufe, a kawar daga rana, domin zafin Kano na kashe ƙarfinsa. Na jiya wari kawai ya rage masa. Ba a haɗa shi da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum. Lokacin amai da gudawa, da damina, wannan bokitin ya fi komai aiki a ɗaki.

Shara kala-kala ce: baƙar leda ta takardu da ragowar abinci, ruwan ɗorawa ta abin da ya taɓa jini ko ruwan jiki, ja ta mafi haɗari. Allura da reza kuwa kwalinsu daban, kuma in ya kai kashi 3 cikin 4 ake rufe shi, ba a danna shi da hannu don a samu wuri. Ba a mayar wa allura murfinta. Mafi yawan sukar da ke samun mataimaka ba wajen yin allura ba ce, wajen kwashe tire ne da yaye zanin gado, inda wani ya ajiye ya manta. Don haka zani naɗe shi ake yi daga gefe zuwa tsakiya ana kallo, ba a kakkaɓewa, ba a rungumewa. In allura ta soke ka, ka wanke da sabulu da ruwa mai gudu, kada ka matse, kada ka tsotsa, ka gaya wa sista nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, gwamma ma a awannin farko, kuma kwana 28 ake sha. Masu ɓoyewa don kunya ko tsoron faɗa su ke rasa wannan damar.

Daga nan sai awo, kuma a ganina nan ne ake gane wanda zai yi nisa. Zafin jikin babba lafiyayye yana tsakanin 36.5 da 37.5, daga 38 zazzaɓi ne. In a hammata ake aunawa, a share gumi tukuna, a tabbata kan ma'aunin yana tsakiyar hammata ba cikin riga ba. Bugun jini 60 zuwa 100 a minti, da yatsu biyu ko uku a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. Ba a sa babban yatsa, domin shi ma yana da nasa bugun, sai ka ƙirga naka. In bugun yana tsalle ko yana ɓacewa, cikakken minti ake ƙirgawa. Numfashi 12 zuwa 20 ne, kuma shi aka fi yi wa ƙarya a takarda: ka duba jadawalin ɗakuna da yawa za ka ga 20, 20, 20 tun daga gado na farko har na ƙarshe. Alhali shi ne yake fara canzawa in mutum zai rikice, tun kafin awon jini ya nuna. Dabarar ita ce ka bar yatsunka a hannunsa kamar har yanzu bugu kake ƙirgawa, idonka na kan ƙirji, domin da zarar mutum ya san ana ƙirga numfashinsa sai ya canza shi. A yara lissafin daban ne: jariri ƙasa da wata 2, 60 ko fiye ya yi sauri, wata 2 zuwa 11, 50, shekara 1 zuwa 5, 40. Yaron da ke kuka ba a ƙirga masa, a bari ya lafa a jikin uwarsa.

Awon hawan jini yana da tarkuna da yawa. Mutum ya zauna ya huta minti 5, bayansa a jingine, ƙafa ba a harɗe ba, hannu daidai da ƙirji, ba ya magana. Wanda ya sauko daga adaidaita sahu cikin rana ya hau bene, ka ɗaura masa nan take, lambar da za ka samu ba tasa ba ce. Ana ɗaura ƙyallen a kan fata, kamar yatsu biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, ba a kan hannun riga ko hijabi ba. Ƙaramin ƙyalle a damtse mai kauri yana ƙara lamba, sai a ce wa Hajiya jininta ya hau alhali ƙyallen ne bai kai ba. Ba a aunawa a hannun da ake ƙarin ruwa. Daga 140 bisa 90 ana sanar da nas. In mai ciki ce, ga ciwon kai ko kumburi ko tana ganin dishi-dishi, da gudu ake sanarwa, don jijjiga ba ta sallama. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini kuwa, 95 zuwa sama shi ne daidai, ƙasa da 90 na gaggawa ne. Baƙin lalle da jan farce da yatsun da suka yi sanyi lokacin hunturu duk suna rikita ta. A murza yatsan ya yi ɗumi, ko a canza wani, ko a gwada na ƙafa. Amma in mutum yana haki leɓensa ya canza, ba na'ura za ka tsaya gyarawa ba.

Abin da ka auna shi za ka rubuta, da lokacin da ka auna. In lamba ta ba ka mamaki, ka sake aunawa, in ta maimaita ka kai. Yadda ake kai rahoto ma koyo ne. “Sista, Baban nan jikinsa ba daɗi” ba ta ba ta komai ba. Cewa za ka yi: “Sista, gado na 4, numfashi 30, ɗazu da safe 18 ne, bugu 118, yana gumi, kuma ba ya amsa magana sosai.” Da wannan za ta ajiye abin da take yi.

Sauran yinin na jiki ne. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, kamar mai shanyewar ɓarin jiki ko tsohon da ya karye a ƙugu, duk awa 2 ake juya shi, a rubuta gefen da aka kwantar da shi. Wuraren dubawa su ne ƙashin gindin baya, ƙugu, diddige, kafaɗa da ƙeya. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai, don haka duhu ake nema, ko sheƙi, ko wurin da ya fi sauran zafi ko tauri. Ba a murza irin wannan wurin da man zafi, ƙara lalata naman ake yi. Zani ya zama busasshe, a miƙe, babu ɓurɓushin burodi, domin danshin fitsari da tattarar leda su ke buɗe gyambon kwanciya, kuma in ya buɗe sai a yi watanni ana wanki. Mutum biyu ke ɗaga babba, da zani a ƙarƙashinsa, gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe. Ba a jan hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa. Kafin a sauke mutum kan keke a taka birki.

Wanka a gado daga fuska ake farawa a gama da al'aura, a canza ruwa in ya yi datti, a buɗe wurin da ake wankewa kaɗai. A ja labule, a yi sallama, a faɗi abin da za a yi: “Baba sannu, ya jiki? Za mu ɗan goge maka jiki mu canza zani.” Ko wanda bai san inda kansa yake ba ana gaya masa. Namiji ga namiji, mace ga mace, gwargwadon iko. In babu hali, a sa ɗan'uwansa ya tsaya. Dattijo zai iya riƙe fitsari yini guda don kada yarinya sa'ar jikarsa ta kawo masa fo, kai ne za ka lura ka nemo masa namiji. Haka lokacin salla: a taimaka da buta, ko abin taimama ga wanda aka naɗe wa hannu, a tambayi nas in za a iya ɗan karkata shi ya fuskanci alƙibla.

Jakar robar fitsari ƙasa da mara take zama, a rataye a jikin gado, ba a ƙasa ba, ba kuma a kan cikin mara lafiya ba lokacin da ake tura shi hoto, don fitsarin kan koma ya kai ƙwayar cuta. Kafin a zubar a karanta adadin a rubuta. Babba in yana yin ƙasa da mililita 30 a awa, a duba ko robar ta lanƙwashe, in ba haka ba a sanar. Masu jinya sukan zubar da shi don taimako, sai lissafin ruwan da ya shiga da wanda ya fita ya lalace, saboda haka tun ranar farko ake roƙonsu su kira ka.

Masu jinya, wato 'yan'uwan da ke kwana da mara lafiya, rabin aikin ɗaki a Kano su ke yi, kuma rabin matsalar ma ta wurinsu take zuwa, ba da mugun nufi ba. An ce kada mutum ya ci kada ya sha saboda tiyata gobe, sai a ɗiga masa zamzam ko rubutu, a ce ai wannan ba abinci ba ne. Ba faɗa za ka yi ba. Ka bayyana cewa in aka sa masa maganin barci da abu a ciki, yana iya amayowa ya shiga huhu. A shafa masa a jiki, sha kuma sai likita ya ba da izini. In an riga an ba shi, ka faɗa, ko da za a ɗaga aikin. Mai shanyewar jiki a zaune sosai ake ba shi abinci, cokali kaɗan-kaɗan, kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya, kuma ya zauna minti 30 bayan ya gama. Tari ko muryar da ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro alama ce ta a dakata. Ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa koko yana kwance, da ita ake samun ciwon huhun da ke kashewa bayan ciwon farko ya fara sauƙi. Mai ciwon suga da aka yi wa allura bai ci abinci ba, in ya fara gumi da karkarwa ko surutai, sugansa ne ya faɗi, a kira nas. Ka kuma sa ido kan marikin ƙarin ruwa, don akwai mai buɗe shi ya yi gudu wai a gama da wuri a tafi gida. Kai ma ba naka ba ne ka daidaita. In ya tsaya, ko ya ƙare, ko wurin ya kumbura, sanarwa ce taka.

Za a tare ka a baranda a ce, “Don Allah 'yar nan, me likita ya ce yana damunsa?” Amsar ita ce a tambayi likita ko sista. Ba ka faɗin sakamakon gwaji, ba ka faɗin rasuwa, ba ka ɗaukar hoto. Kano da girmanta, wanda ke gado na 6 sai ka tarar surukin maƙwabcinku ne, kuma magana ɗaya a gidan biki ta isa ta raba aure ta raba ka da aiki.

Jarabawa mafi wuya a unguwa take. Da an ga ka fara fita da kayan asibiti ka zama nas, wasu ma likita za su ce. Za a aiko yaro da leda: ga allurai daga kemis, a zo a yi wa Inna, a sa mata ruwa. Kuɗin yana da daɗi, ƙin zuwa kuma sai a ce girman kai. Amma allurar ɗuwawu in ta sauka inda bai dace ba tana taɓa babbar jijiyar ƙafa, yaro ya tashi yana jan ƙafa har girmansa. Wata allurar cikin mintoci take rufe numfashi, kuma a ɗakin Inna babu abin ceto. Ledar ruwa ga mai ciwon zuciya ko ƙoda huhu take cikawa. Abin da za ka iya yi a gida yana da yawa ba tare da sirinji ba: ka auna, ka haɗa ruwan gishiri da suga na fakiti a lita 1 ta ruwa mai tsafta, ka gane alamar haɗari, ka sa a tafi asibiti da wuri, ka raka in da hali.

Duti a yawancin wurare uku ne, safe da yamma da dare, na dare shi ya fi tsawo. Ka zo minti 15 kafin lokaci, domin miƙa aiki gado-gado ake yi, kuma ka gani da idonka: zanin a bushe yake, jakar fitsari nawa ke ciki, wa ke jiran tiyata, wa aka ce a auna duk awa. Abin da ka karɓa ba ka duba ba ya zama naka. Tsakanin ƙarfe 2 da asuba masu jinya sun yi barci, ma'aikata sun gaji, a lokacin ne tsofaffi ke saukowa neman banɗaki su faɗi. A ɗaga ƙarfen gefen gado, a bar fo kusa, a zagaya da tocila ana haska ƙirji ba fuska ba. Wanda ya yini yana nishi ya yi tsit farat ɗaya, ka je ka taɓa shi ka tabbata barci ne. Wanda ake zargin mashaƙo, irin wadda ta addabi Kano a 2023, ko tarin fuka, ba a shiga wurinsa babu takunkumi ko da minti ɗaya za a yi.

Tun a shekarar farko ya kamata ka fara shirin neman lasisi, domin mataimaki ko ya shekara 20 matsayinsa ba ya wuce nan. Karatun nas yana buƙatar kiredit 5, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. In da wanda ya faɗi, a sake zama jarabawar tun yanzu. Masu dutin dare da yawa da rana suke zuwa darasi. Tsohon tsarin shekara 3 ne, yanzu makarantu da dama sun koma na ND da HND ta hanyar JAMB, digiri a Jami'ar Bayero kuma shekara 5. Akwai makarantun jinya na jiha a cikin birni da Madobi, da ta ungozoma a Dambatta, da ta Asibitin Malam Aminu Kano. Wanda ya fi son aikin asibitin sha-ka-tafi sai ya nemi makarantar koyon aikin lafiya ta Kano ko ta Bebeji, inda karatun ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma, JCHEW, ke ɗaukar shekara 2, na babba, CHEW, shekara 3, kuma hukumarsu daban ce da ta nas. Kafin ka bar inda kake aiki, ka karɓi takardar shaida mai hatimi da sa hannun shugabar ma'aikatan jinya, wadda ta faɗi ranar da ka fara da ɗakunan da ka zauna. Ka karɓe ta tun kana cikin aikin, domin ƙananan asibitoci suna canza hannu ko su rufe, ka dawo ka rasa wanda zai sa maka hannu.